KYAWAWAN ƘWARIN NAMAN KAZA: BAYANI GA MANOMA DA MA'AIKATAN DAJI

Da shigowar damina, sa'ad da ruwa ya jiƙa kututtura da rassan da suka faɗi a gona ko a kurmi, naman kaza iri iri yakan tsiro a jikinsu. Wani mai laushi ne, ya fito yau, jibi ya ruɓe. Wani kuwa mai tauri ne kamar ƙirgi, manne da ice kamar rabin faifai, yakan yi watanni bai faɗi ba. Wanda duk ya leƙa ƙarƙashin irin wannan naman kaza, ba wuya ya tarar da waɗansu ƙwari masu sheƙi, baƙaƙe da zanen ja ko na ruwan lemo, sun yi cincirindo suna ci. Manoma da yawa da ganin haka sai su koma gida su ɗauko famfon feshi.

An shirya wannan takarda ne domin a bayyana wa jama'a ko waɗanne ƙwari ne waɗannan, da inda ake samunsu, da yadda suke rayuwa, saboda kada a yi ta asarar kuɗi da magani a kan abin da ba shi ne abokin gāba ba. Ƙwaron nan ba ya cin ganyen koko, ba ya huda goro, ba ya taɓa kwakwar manja. Abin da ya kamata manomi ya tsaya ya duba da kyau shi ne abin da ƙwaron yake ci, da kuma wurin da abin ya tsiro.

SUNANSU DA MATSAYINSU

Masana halittu suna kasa ƙwari kamar yadda ake kasa jama'a, daga babban taro har zuwa gida guda. Mafi girman rukunin ƙwari shi ne na masu sulke, watau waɗanda fukafukansu na gaba suka taurare suka zama murfi, na tashi kuwa suna naɗe a ƙarƙashi. Buzuzu yana cikinsu, haka ƙwaron da ke huda wake da wanda ke cin masara a rumbu. A harshen ilmi ana kiran wannan rukuni Coleoptera, kuma ire-irensu da aka sani aka sa wa suna sun kusa 400,000. An raba rukunin dangi dangi, kowane dangi aka raba shi rassa, kowane reshe gida gida, kowane gida kuma iri iri. Tun daga aikin Linnaeus, mutumin ƙasar Siwidin, na shekarar 1758, kowane iri na dabba suna biyu yake da shi a Latin: na farko sunan gidansu, na biyu nasa na kansa. Amfanin wannan shi ne, malami a Ibadan da malami a Jafan in sun ambaci suna guda, ƙwaro guda suke nufi.

Dangin da muke magana a kansu sunansu Erotylidae. Wani masani Bafaranshe, Latreille, shi ya kafa wannan dangi a shekarar 1802, ya ciro sunan daga gidan Erotylus wanda Fabricius ya raɗa wa suna a 1775. Asalin kalmar daga Girkanci ne, ma'anarta abin ƙauna. Turawan Ingila ma sunan da suke kiransu da shi yana nufin ƙwarin naman kaza masu daɗin kallo, kuma da wannan muka yi koyi muka ce musu kyawawan ƙwarin naman kaza. Lacordaire ya rubuta littafi sukutum a kansu a 1842, aikin Crotch na sake tsara dangin kuwa ya fito a 1876. Wanda ya fi shan wahala a kan na nahiyarmu shi ne wani Bajamushe, Kurt Delkeskamp, wanda ya shafe shekaru da dama yana nazarinsu, har jerin sunayen na Afirka da Madagaska da ya tattara ya fito a 1981.

A yau ana lissafa wajen iri 3,500 a wannan dangi, cikin gidaje fiye da 250. Wanda ya duba tsofaffin littattafai zai ga adadin bai kai haka ba, kuma akwai dalili. Da can akwai wani dangi dabam da ake kira Languriidae, ƙwari ne sirara dogaye, waɗanda tsutsotsin da yawa daga cikinsu ke rayuwa cikin karan ciyayi. Da aka zurfafa binciken ƙirar jikinsu, musamman a ayyukan Wegrzynowicz na 2002 da Leschen na 2003, sai aka ga ashe 'yan gida ɗaya ne da Erotylidae, aka haɗe su. Binciken ƙwayoyin gado da ya biyo baya ya ƙarfafa wannan hukunci. Tsarin da Leschen ya yi ya raba dangin rassa 6. Reshen Erotylinae shi ne mafi yawa, kuma su ne ainihin maciya naman kaza masu zane. Sauran rassan galibi ƙanana ne masu ruwan ƙasa, ba abin kallo ba ne, amma kamar yadda za a gani a gaba, waɗansunsu sun fi masu adon shafar rumbu da daji.

YADDA ZA A GANE SU

Girmansu ya bambanta ƙwarai. Akwai wanda bai wuce milimita 2 ba, akwai wanda ya kai milimita 30, watau inci ɗaya da 'yar ɗoriya. Jikin yawancinsu sumul yake, ba gashi, mai sheƙi kamar an shafa mai, mai siffar ƙwai ko ɗan dogo kaɗan. Sulken ya rufe bayan duka har wutsiya. Ƙahonnin da suke shinshina da su guda biyu ne, kowane yana da gaɓa 11, ukun ƙarshe sun yi faɗi sun zama kamar kan kulki. In an sami madubi mai ƙara girman abu a duba tafin ƙafa: gaɓoɓi 5 ne a kowace ƙafa, amma a wurin da yawansu ta huɗun ƙarama ce ƙwarai, a ɓoye cikin ta uku, har mutum ya ƙirga 4.

Sai dai kama da wane ba wane ba ne. Akwai wani dangi, Endomychidae, su ma naman kaza suke ci, su ma ja da baƙi gare su, amma tafin ƙafarsu kamar gaɓa 3 yake nunawa, kuma akwai 'yan kwarmi biyu a allon da ke bayan kansu. Akwai kuma ƙwarin da ke taruwa a kan ruɓaɓɓun 'ya'yan itace, dangin Nitidulidae, waɗanda sau da yawa sulkensu gajere ne, ƙarshen ciki a waje.

Adon nan nasu ba na banza ba ne. Ja da baƙi, ko rawaya da baƙi, a wurin ƙwari sanarwa ce ga tsuntsu da ƙadangare cewa wannan nama ba shi da daɗi. In aka kama ɗayansu a hannu, yakan tsatso wani ruwa mai wari daga jikinsa, ko ya naɗe ƙafafu ya faɗo ƙasa ya yi lamo kamar matacce. Tsuntsun da ya taɓa ɗanɗanawa sau ɗaya ba ya mantawa da zanen. Ga mutum kuwa ba su da wani lahani. Ba sa cizo, ba sa harbi. A wanke hannu kawai bayan an taɓa su.

INDA AKE SAMUNSU

In ban da ƙasar ƙanƙara ta ƙarshen kudancin duniya, babu nahiyar da ba su. Amma rabon bai zo daidai ba. Cibiyarsu ita ce dazuzzuka masu zafi da yawan ruwa, fiye da ko'ina kuwa na Amurka ta Kudu da ta Tsakiya, inda ire-irensu suka haura 1,000. A can ne gidan Erotylus da 'yan'uwansa na kusa suke, manya masu tozo da zane kala kala, kuma wannan ɓangare kusan bai fita daga nahiyar Amurka ba. Da an doshi ƙasashen sanyi sai adadi ya faɗi warwar. Amurka ta Arewa, in an cire Mekziko, tana da wajen iri 50 na maciya naman kaza, Ingila kuwa duk dangin ba su wuce 10 ba.

Waɗansu gidaje sun yaɗu nahiya fiye da ɗaya. Megalodacne, manya baƙaƙe masu ɗamara biyu ja ko ruwan lemo a kan sulke, ana samunsu a Afirka da Asiya da Amurka. Triplax da Tritoma, ƙanana ne, suna Turai da Asiya da Amurka ta Arewa, har wa yau suna da wakilai a Afirka. A kudu maso yammacin ƙasar Amurka akwai wani mai suna Cypherotylus californicus, shuɗi da ɗige-ɗigen baƙi, wanda da ya mutu shuɗin yakan koɗe ya koma ruwan toka, saboda haka wanda ya san shi a akwatin ajiya kaɗai bai san kyansa ba.

A nan Nijeriya ƙa'idar ita ce dai ta ko'ina: inda ruwa da mataccen ice suka haɗu, nan naman kaza yake, inda naman kaza yake kuwa nan ƙwarinsa suke. Kalaba takan sami ruwan sama kusan milimita 3,000 a shekara, Sakkwato kuwa ba ta kai 800. Saboda haka wurin nemansu shi ne manyan dazuzzukan kudu irin su Okomu a Jihar Edo, da Omo a Jihar Ogun, da tuddan Oban a Kuros Riba, da gonakin koko da roba da kwakwar manja da ke kewaye da su. A tsakiyar ƙasa sai a nufi kurmin bakin rafi, da wurare irin su Gashaka-Gumti. Can arewa kuwa sai tsakiyar damina, a lambuna da fadamu.

RAYUWARSU

Ba za a fahimci wannan ƙwaro ba sai an fahimci abincinsa. Abin nan da muke gani a jikin kututture muke ce masa naman kaza, ba shi ne dukan halittar ba. Ainihin jikinta zare-zare ne farare, sirara fiye da gashi, waɗanda suka ratsa cikin icen suna narkar da shi suna sha. In sun ƙoshi kuma laima ta samu, sai su fid da abin da muke gani a waje, wanda aikinsa shi ne ya saki ƙurar iri iska ta kwashe. Ice abu ne mai wuyar ruɓewa, kuma dangin naman kaza, tare da gara, su ne manyan masu mai da shi ƙasa. Ba don su ba da daji ya cika da gumagumai, taki bai koma ƙasa ba.

Macen ƙwaron takan bi ƙanshi ta sami naman kaza, ta saka ƙwai a jikinsa ko a tsagar ɓawon da ke kusa. Tsutsa ta ƙyanƙyashe ta shiga ci, tana saɓa tana girma. Daga nan sai ta daina ci, ta kwanta ba motsi a cikin ƙasa, ko cikin ruɓaɓɓen icen, ko ta rataye kanta a ƙarƙashin gungume, har jikinta ya sake ƙira ta fito cikakken ƙwaro. Tsawon wannan tafiya ya danganta da abincin. Masu cin mai laushi tilas su yi sauri, gama abincinsu ba ya jira, cikin 'yan makonni sun gama. Masu cin mai tauri ba abin da ke korarsu, tsutsarsu takan daɗe tana haƙa ramuka a ciki. In abinci ya yanke saboda rani ko sanyi, manyan sukan taru da yawa a ƙarƙashin ɓawon ice ko cikin ganyen da ya zuba, su jira. Da yawansu da dare suke fita, waɗansu har sukan zo wurin fitila.

Ba kowane naman kaza kowane ƙwaro yake ci ba. Gidan Triplax sun fi son Pleurotus, mai laushin nan da ke fitowa jere a jikin gungume, wanda mutane ke ci kuma ake nomawa. Gidan Megalodacne kuwa an fi saninsu da Ganoderma, mai tauri, mai sheƙi ja-ja a sama, fari a ƙasa. Mai ido in ya ga ƙwaron yana iya faɗin abin da ke kusa tun bai gan shi ba.

Akwai abin mamaki a halin waɗansunsu. A dazuzzukan Amurka masu zafi an ga macen gidan Pselaphacus tana tsaron tsutsotsinta, tana kora su daga wannan naman kaza zuwa wancan kamar kaza da 'yan tsaki, abin da ba a cika gani a wurin ƙwari masu sulke ba. A Jafan kuma akwai Doubledaya bucculenta, ɗaya daga cikin siraran nan da aka haɗe da dangin. Macen takan huda busasshiyar gora, ta saka ƙwai guda a cikin kogon, ta zuba masa wani irin yis da take ɗauke da shi a jikinta. Tsutsar in ta fito sai ta baza yis ɗin a bangon kogon, ya tsiro, ta riƙa ci. An bayyana wannan a 2012. Noma ke nan, ba fartanya.

ABIN DA YA SHAFI MANOMI

Wanda ya ga ƙwarin nan a kan gungumen da ya faɗi a gefen gona, ba shi da abin yi, sai ya bar su. Amma in a gindin itace mai rai ya gan su, to ya sunkuya ya duba. Ganoderma ba mataccen ice kaɗai yake ci ba. Shi ne ke kawo ruɓar gindi ga kwakwar manja, cutar da aka fara ganewa a ƙasar Kwango a 1915, wadda kuma ita ce babbar masifar gonakin kwakwa a Malesiya da Indunusiya. Alamunta su ne, sababbin ganye na tsakiya su tsaya biyu ko uku ba su buɗe ba, tsofaffin su karye su rataya kewaye da itacen, 'ya'ya su ragu, daga baya faifan naman kazan ya fito a gindi. In ya fito, ciki ya riga ya ruɓe ƙwarai, wata rana iska ta kayar da itacen. A Malesiya an taɓa samun ƙurar irin Ganoderma a jikin wani ƙwaro na gidan Episcapha, amma manyan hanyoyin yaɗuwar cutar su ne haɗuwar saiwa mai ciwo da mai lafiya, da kuma iska. Saboda haka wanda ya fesa wa ƙwarin magani ya tafi, ya kashe maciji bai sare kansa ba. Abin yi shi ne a tone itacen da kututturensa duka, a daddatsa, a fitar da shi daga cikin gona, kuma kada a dasa sabo a ramin tsohon. Cibiyar binciken kwakwar manja ta NIFOR da ke kusa da birnin Binin ita ce wurin neman ƙarin shawara. Itacen inuwa na bakin hanya ko na tsakar gida ma in ya fid da irin wannan faifai a gindi, a sa wanda ya sani ya duba shi tun bai faɗa wa ɗaki ba.

A rumbu kuma akwai ƙananan 'yan dangin, masu ruwan ƙasa, da ba su wuce milimita 2 zuwa 4 ba. Gidan Cryptophilus sun bi kayan fatauci sun zaga duniya, kuma fumfuna suke ci, ba ƙwayar hatsi ba. Ganinsu a buhun masara labari ne cewa masarar ba ta bushe ba, ko kuwa ɗakin yana yoyo. Wannan ya fi ƙwaron hatsari nesa ba kusa ba, domin wata fumfuna mai suna Aspergillus flavus tana zuba wa masara da gyaɗa dafin afalatoksin, mai lalata hanta, wanda dafuwa ba ta kashe shi. Maganin ƙwari ba ya busar da hatsi. A fitar da shi a shanya, a zubar da wanda ya yi fumfuna, kada a ba dabbobi ma, kuma kada a ɗure masara sai laimarta ta sauka zuwa wajen kashi 13 cikin 100.

Waɗanda suka kama sana'ar noman naman kaza suna da dalilin ɗaukar ƙwarin nan a matsayin maɓarnata. A Jafan 'yan gidan Dacne suna ɓata wanda ake nomawa a jikin gungume, har da busasshensa. Duk da haka feshi a kan abin da za a ci gobe ba dabara ba ce. A sa raga mai ƙananan ido a tagogi, a riƙa tsinka da wuri, a kwashe wanda ya tsufa a kai shi nesa.

A nan tilas a yi wani gargaɗi. Akwai masu cewa duk naman kazan da ƙwaro ya ci, mutum ma yana iya ci. Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma tana iya kai mutum kabari. Cikin ƙwaro dabam, cikin ɗan Adam dabam. Akwai masu dafin da ƙwari da dodon koɗi ke ci lafiya lau. Kada a ci naman kazan daji sai wanda aka tabbatar da irinsa.

ITACEN DA BA YA HAIHUWA SAI DA ƘWARO

Akwai waɗansu tsire-tsire na tun zamanin da, masu kama da gajeren dabino, da ake kira saikad. Namiji dabam ne, mace dabam, ba sa fure, sai dai su fid da wani gwanso mai kama da abarba. An daɗe ana zaton iska ce ke kai ƙurar namiji wurin mace. A 1987 binciken da aka yi a Fulorida ta ƙasar Amurka a kan saikad na gidan Zamia ya nuna ƙwari ne ke wannan aiki, ɗaya daga cikinsu kuwa ɗan gidan Pharaxonotha ne, na wannan dangi namu. Gwanson namijin yakan ɗumama ya fid da ƙanshi, ƙwarin su shiga su ci su hayayyafa, su fito buɗu-buɗu da ƙura, waɗansu su faɗa gwanson mace. A Asiya gidan Cycadophila ke yin haka, a Afirka ta Kudu kuma an tabbatar ƙwari ne, har da 'yan Erotylidae, ke yi wa waɗansu saikad na gidan Encephalartos barbara.

Mu ma muna da namu. Encephalartos barteri yana tsirowa a wurare masu duwatsu a Nijeriya da Benin da Gana, an kuwa sa masa sunan Charles Barter, mai tattara tsire-tsire da ya zo tare da ayarin Baikie a kogin Kwara, ya rasu a 1859. Wani reshensa a tsaunukan Jos kaɗai aka san shi. Dukan gidan Encephalartos suna cikin jeri na farko na yarjejeniyar CITES, watau an hana cinikin waɗanda aka tono daga daji tsakanin ƙasashe. Ma'aikacin daji ya tuna cewa tsare itacen kaɗai bai isa ba. In feshi ko gobara suka share ƙwarin da ke shiga gwansonsa, tsofaffin za su tsaya kore shar shekara da shekaru, amma ba sabon tsiro a ƙarƙashinsu. Gobarar daji ta kowace shekara da kwashe kowane gungume don itacen wuta ko gawayi haka suke yi wa maciya naman kazan su ma. A gandun daji, da gefen gona inda ba kwakwar manja a kusa, ya kyautu a bar waɗansu gumagumai su ruɓe a inda suka faɗi.

YADDA ZA A AIKO DA SAMFURI

Wanda ya ga ƙwaron da yake shakka, ya kama uku ko huɗu ya sa a ƙaramar kwalba mai murfi, ya zuba sifirit irin na asibiti har ya rufe su. In akwai tsutsotsi a haɗa da su. A rubuta a 'yar takarda sunan gari da jiha, da kwanan wata, da irin itacen, da ko mai rai ne ko matacce, a jefa takardar cikin kwalbar. Da fensir za a rubuta, gama tawada takan narke a sifirit. A ɓalli yanki na naman kazan a shanya shi ya bushe sarai, a naɗe a takarda, ban da leda, don leda tana sa shi ruɓewa a hanya. Sa'an nan a miƙa wa malamin gona ko ma'aikacin gandun daji mafi kusa, shi zai san yadda zai kai su Cibiyar Binciken Daji ta Ƙasa da ke Ibadan, ko ɗakin ajiyar ƙwari na Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru, Zariya.